Ranar Da Kiran Bai Yanke Ba

"Mansir! Mansir, kana ji na?"

Fuskarsa ta tsaya cak a kan sikirin, bakinsa a ɗan buɗe, girarsa a haɗe. Sauda ta matso da kanta har numfashinta ya dusashe gilashin laftof ɗin, kamar hakan zai sa ya motsa.

Bai motsa ba.

Abu na ƙarshe da ya shiga kunnenta kafin muryarsa ta ɗauke shi ne, "Ki faɗa min gaskiya, Sauda, wane ne wannan mutumin da kullum..."

Shi ke nan.

"Innalillahi... ba yanzu ba! Don girman Allah ba yanzu ba!"

Ta kashe waifai ɗin ta sake kunnawa. Ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa. Ta cire abin kunne ta ajiye, idanunta sun ciko. A dogon teburin cibiyar matasan nan ta bayan Ƙofar Ran a Bauchi kowa harkarsa yake yi. Wasu samari biyu na kallon ƙwallo suna musu ƙasa-ƙasa, wata mata na neman aiki a intanet. Ita kaɗai ce zuciyarta ke neman fasa ƙirji.

"Ya sake yankewa ko, Malama Sauda?"

Ko ba ta ɗago ba ta san mai muryar. Abdulsalam ne, ma'aikacin da ke kula da waifai ɗin kyauta na cibiyar. Dogo ne, mai tsafta, maganarsa a hankali kamar ba ya son ɓata wa kowa rai.

"Wallahi ya yanke, Malam Abdulsalam. Kuma magana ce mai muhimmanci. Ka taimake ni!"

"Haba, mene ne abin kuka? Matsa kaɗan in gani."

Ya sunkuyo ta gefen kafaɗarta, ƙamshin turarensa ya cika mata hanci. Ya goge sunan waifai ɗin daga kwamfutar, ya sake nemo shi, ya buɗe shafin shiga ya amince da sharuɗɗa. Ya ɗan latsa wayarsa, ya mayar aljihu.

Kiran ya dawo da kansa.

Abin da Mansir ya fara gani shi ne kan Abdulsalam dab da na Sauda.

Da sauri ta mayar da abin kunnen.

"Na gani," in ji Mansir, muryarsa a sanyaye. "Ba sai kin ba ni amsa ba."

"Masoyi, tsaya! Gyara yake min, wallahi gyara ne..."

"Kullum gyara? Kullum daidai lokacin da nake magana da ke?"

"Mansir..."

"Dare ya yi a nan. Sai an jima."

Wannan karon ba waifai ne ya yanke ba. Shi ya kashe.

*

Tun tana ajin farko a babbar makaranta Mansir yake son ta. Da ya samu tallafin karatu zuwa Malesiya, sai da ya zo har ƙofar gidansu a Ƙofar Wambai ya rantse mata cewa yana dawowa zai turo magabatansa.

Sai dai hanyar ba ta taɓa zama shimfiɗaɗɗiya ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya Yelwa, ta riga ta yi masa mata a ranta: Bintu, 'yar ƙaninta da ke Azare. Shi kuwa mahaifin Sauda, Malam Mijinyawa, malamin zaure ne mai magana ɗaya, ko sunan Mansir ba ya son ji.

"Yaron da uwarsa take amsa gaisuwarmu da hanci?" haka yakan ce. "Ya tsallake teku, gobe ya ce zai ɗauke min 'ya ya kai ta inda ba na jin ɗuriyarta? Ba da ni ba."

Kuma dokar gidan a bayyane take: babu 'yarsa da za ta riƙe babbar waya sai a ɗakin mijinta. Ƙaramar waya mai tocila ce a hannun Sauda, wadda kiran ƙasar waje ba ya jimawa a cikinta. Laftof ɗin ma don furojet ɗin kammala karatu ne yayanta Hammajoda ya kawo mata daga Legas, sai da Inna ta sa baki kafin Baba ya yarda.

Saboda haka cibiyar nan ita ce tagarta. Bayan azahar ta hau keke zuwa Ƙofar Ran, ta yi karatun furojet, daga nan ta kira Mansir ta ga fuskarsa.

Da farko komai lafiya. Sukan yi hira har baturi ya yi ja. Yakan nuna mata ruwan saman da ba ya ƙarewa a can, ita kuma ta ba shi labarin masar Bauchi har ya dafe ciki.

"Saudatuna, ki daina azabtar da ni," yakan ce yana dariya. "Ranar da na sauka, masa da miyar taushe, daga hannunki."

Sai kwatsam laftof ɗin ta fara tsiya.

In karatu take yi, lafiya lau. Da ta danna kiran Mansir, suka fara nisa, sai ya tsinke.

Abdulsalam bai taɓa gajiya da ita ba. Rannan ya ce nisa ne, ya dawo da kujerarta kusa da akwatin waifai, wato kusa da teburinsa. Rannan ya ce baturi ne ke kashe waifai don tattalin wuta, ya nemo mata soket ya jona caja. Ya gyara agogon kwamfutar, ya ce in kwanan wata ya kauce shafin shiga ba ya buɗewa. Ya sabunta wasu abubuwa da ba ta ma san sunansu ba. Kowane gyara sai ya yi kamar ya yi, kwana biyu a koma gidan jiya.

"Mutane sun yi yawa ne," wata rana ya ce. "Ki riƙa zuwa da yamma, in an ragu."

Da yamma kuwa Mansir ya yi barci. Sai ta zauna ita da Abdulsalam da shirun cibiyar, yana ba ta labarin gonar babansa a ƙauyen Inkil, yana sayo mata zoɓo mai sanyi ko ta ce ta ƙoshi.

Ta ɗauke shi ɗan'uwa. Har addu'a take yi masa.

A ƙarshe ya girgiza kai, fuskarsa cike da tausayi.

"Gaskiya, Malama Sauda, abin da ke kama waifai a cikin kwamfutarki ne ya kusa mutuwa. Ko'ina kika kai ta haka za ta yi miki. Amma akwai wani ɗan ƙaramin da ake soka mata a gefe. Mu je kasuwar Wunti in zaɓar miki mai kyau, kar a cuce ki."

Ta so ta ƙi. Sai ta tuna fuskar Mansir a daskare.

Ta bi shi.

Keke ɗaya suka hau, jakarta a tsakaninsu. Ba ta san ƙanwar Mansir tana bakin kasuwar ba. Washegari da ta buɗe kwamfuta, saƙonsa ne ya fara tarar ta.

"An gan ku a Wunti. Shi ma gyara ne? Na gaji da zama wawa, Sauda. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta rubuta, ta rubuta, har yatsunta suka yi ciwo. Ta rantse da duk abin da ta sani. Ta kira, kiran ya yanke tun kafin ya shiga. Sabon abin da ta saya ma bai hana komai ba.

Mansir bai sake amsawa ba.

*

Makonni suka wuce. Sauda ta rame, idanunta suka faɗa. Inna ta tambaya, ta ce furojet ne.

Paulina ce ta ƙi yarda. Ƙawarta ce tun sakandare, 'yar Bogoro, tana karatun kwamfuta, bakinta ba ya ɓoye abin da ke cikinta. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta bayan ajinsu ta tsare ta.

"Ke, kalle ni. Wane furojet ne yake cinye naman mutum haka? Mansir ne ko?"

Sauda ta fashe da kuka. Ta kwashe komai ta faɗa mata.

Paulina ta saurara har ƙarshe, goshinta a tattare.

"Tsaya. Kin ce sai in kina kiransa yake yankewa?"

"Eh."

"Na sauran mutanen da ke wurin fa? Su ma yana yanke musu a lokacin?"

Sauda ta yi tunani. Ta tuna samarin nan masu kallon ƙwallo.

"A'a... ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba."

"Kin taɓa gwada ta a wani waifai daban?"

"Ya ce ko'ina na kai ta haka za ta yi."

"Ya ce! Kawo ta nan."

Paulina ta buɗe waifai ɗin wayarta, ta jona laftof ɗin, ta zare ɗan abin Wunti ta jefa mata a cinya. Ta fita can bakin hanya ta ari wayar wata 'yar ajinsu, ta kira Sauda kiran bidiyo. Suka yi ta magana, Paulina na yawo tana nuna mata masu gasa masara, har Sauda ta gaji da riƙe kai.

Ko gezau.

Paulina ta dawo ta zauna kusa da ita.

"Ƙawata, kwamfutarki ta fi ni lafiya."

"To me ke faruwa?"

"Kowace kwamfuta tana da wata lamba da akwatin waifai yake gane ta da ita. Wanda yake kula da akwatin yana ganin kowa. In ya ga dama ya rage miki gudu, in ya ga dama ya fitar da ke gaba ɗaya. Daga wayarsa ma zai iya."

Sauda ta tuna yadda Abdulsalam yakan latsa wayarsa ya mayar aljihu.

Daga wayarsa...

"A'a," ta ce tana girgiza kai. "A'a, Paulina, kar ki ɗauki alhakinsa. Mutumin nan ya sha wahala a kaina. Ko sisi bai taɓa karɓa ba."

"Ni ban ce shi ne ba. Na ce mu gwada." Ta ja laftof ɗin gabanta. "Zan sa ta sauya wannan lambar, in sauya mata suna. Gobe in kin shiga, akwatin zai ɗauke ki baƙuwa. In an toshe tsohuwar lambar, iska aka toshe. Ki je ki zauna inda kika saba, ki kira shi. Kome ya faru kar ki nuna a fuskarki."

"In Mansir bai ɗauka ba fa?"

"Rubuta masa yanzu. Ki ce magana ɗaya ce, ta ƙarshe."

Sauda ta rubuta. Kafin su tashi amsa ta shigo, kalma huɗu kacal.

"Allah ya kai mu."

*

Washegari bayan azahar ta shiga cibiyar, Paulina na biye da ita kamar ba tare suke ba. Abdulsalam ya miƙe da fara'arsa.

"Malama Sauda! Kwana biyu. Har na fara tunanin ko in leƙo gida."

"Lafiya lau," ta ce, ba ta kalle shi ba.

Ta zauna. Ta shiga waifai. Ta karkatar da sikirin yadda ba zai hango daga teburinsa ba, ta sa abin kunne a kunne ɗaya, ta danna kira.

Ya ɗauka.

Ya rame shi ma. Gemunsa ya taru, idanunsa sun yi ja. Ganinsa kawai sai da ta dafe teburin.

"Mansir..."

"Ina jin ki."

"Hasken idona, ka ba ni minti kaɗan. Kar ka kashe. Kome ka gani, kar ka kashe."

"Sauda, ni ma akwai maganar da..."

"Don Allah ka yi shiru ka kalla."

Ta wutsiyar ido ta ga Abdulsalam ya ɗago, ya ga bakinta na motsi, ya ga abin kunne. Ya jingina da kujera. A hankali ya zaro wayarsa, ya latsa, ya mayar aljihu.

Ta kalli sikirin.

Fuskar Mansir tana nan, tana motsi, yana ƙifta ido.

Sauda ta yi shiru ta sunkuyar da kai, kamar yadda takan yi duk ranar da abin ya tsinke.

Sai ga ƙamshin turaren nan ya iso.

"Ya sake yankewa ko, Malama Sauda? Matsa kaɗan in gani."

Ta ɗago a hankali. Hawaye ne ke zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Wa ya ce maka ya yanke?"



Ta fizge abin kunnen daga jikin kwamfutar, ta juyo masa da sikirin. Mansir na kallonsa ido cikin ido.

"Wa ya ce maka ya yanke, Abdulsalam? Na kira ka? Na yi ƙorafi? Ta ina ka sani?"

"Na... na ga kin sunkuyar da kai ne..."

"To buɗe wayarka," in ji Paulina daga bayansa. "Buɗe shafin da ka latsa yanzu, kowa ya gani."

Cibiyar ta yi tsit. Samarin da ke gefe suka cire abin kunnensu. Abdulsalam ya dafe aljihunsa da hannu biyu, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Bai buɗe ba.

"Macijin ƙaiƙayi!" Sauda ta ce, muryarta ta fashe. "Ina yi maka addu'a! Wallahi a sujada nake ambaton sunanka! Ashe kai kake yanka ni, kai kake zuwa da magani?"

"Sauda..." Ya sauke murya. "Son ki nake yi. Tun ranar da kika fara shigowa. Ina zaune a can ina kallon ki kina yi wa gilashi murmushi, ni da nake gabanki ko ganina ba kya yi. Me zai ba ki daga can? Ni ina nan. Kullum ina nan."

"Matsa daga kaina!"

Paulina ta sha gabansa, ya ja da baya.

Sauda ta juyo ga sikirin, tana dariya tana kuka lokaci guda.

"Ka ji ko? Masoyi, ka ji da kunnenka? Ban taɓa cin amanarka ba! Ko sau ɗaya! Wunti ma shi ya ce..."

Ta tsaya.

Mansir ya rufe fuskarsa da tafukansa. Kafaɗunsa na girgiza.

Ta mayar da abin kunne da sauri.

"Mansir? Mene ne? Ai komai ya wuce..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce ta cikin yatsunsa. "Na cuci kaina. Sauda, na cuce mu."

"Me kake nufi?"

Ya sauke hannunsa. Muryarsa ta fito tar, babu tsinkewa, babu ƙara, kowace kalma a wurinta.

"Ranar da aka ce an gan ku a Wunti, na kira Hajiya. Na ce mata na amince da Bintu."

"To... to ai sai ka ce ka fasa. Ka kira ta yanzu..."

"An ɗaura, Sauda. Juma'ar da ta wuce, a Azare. Kawu ne ya karɓa min."

Ta zuba wa sikirin ido. A karon farko a rayuwarta ta roƙi Allah ya sa kiran ya yanke, ya zama ba ta ji daidai ba.

Bai yanke ba.

"An... ɗaura?"

"Raina ne ya ɓaci. Na ga kamar kowa na yi min dariya. Saudatuna, ki yafe min. Ki ba ni lokaci, in na dawo zan san yadda zan yi, ko da daga baya ne, wallahi ke ce..."

"Kar ka ƙarasa."

"Ki saurare ni..."

"Na rantse maka da Allah, Mansir. Na rubuta maka har yatsuna suka kumbura. Shekara nawa ka san ni? Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Ya kau da kai daga sikirin.

"Shi Abdulsalam baƙo ne, bai san ni ba, ya yi abin da mugun ransa ya ba shi. Kai fa? Kai da ka san ni?"

"Sauda, don Allah..."

"Yarinyar mutane tana can an ɗaura mata aure da kai, tana murna. Ba ta yi min komai ba. Ka riƙe ta amana. Ka yarda da ita in ta rantse maka."

"Kar ki yi min haka! Sauda! Saudatu!"

Ta kai hannu ta rufe laftof ɗin a hankali.

Ta sa ta a jaka, ta gyara hijabinta, ta miƙe. Paulina ta riƙe hannunta. A bakin ƙofa Abdulsalam ya biyo su har titi.

"Yanzu ai ya fita daga tsakani," ya ce da sauri, kamar mai ba ta albishir. "Ki yi fushi, ki zage ni, na yarda. Amma ni da gaske nake. Yau ma kawunnaina sun je gidanku."

Sauda ta juyo ta kalle shi tun daga sama har ƙasa.

"Ko maza sun ƙare a Bauchi," ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Ta tsayar da keke.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta shiga gida. Baba Malam na zaune a kan buzunsa a tsakar gida, ƙullin goro da alawa a gefensa. Inna na bakin murhu. Fuskarsa a sake take, abin da ba kasafai ake gani ba.

"Yauwa, Saudatu, zo nan. Baƙi muka yi daga Inkil. Mutanen kirki, manoma, masu mutunci. Yaron ma na san shi, yakan gaishe ni a masallacin Juma'a. Sun ce shi ne yake ta ɗawainiya da kwamfutarki."

Ta durƙusa a gabansa. Ta yi niyyar yin shiru kamar kullum. Sai bakinta ya ƙi.

Ta faɗa masa komai. Kiran da take yi a ɓoye, da yankewar, da Wunti, da abin da Paulina ta gano, da abin da Abdulsalam ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a. Ba ta rage ko nata laifin ba. Ta gama ta sunkuyar da kai, tana jiran faɗa.

Faɗan bai zo ba.

Malam Mijinyawa ya daɗe yana jan carbinsa. Ya kalli goron kamar wani abin ƙazanta.

"Mutumin da zai ɓata abu da hannunsa don a gode masa in ya gyara," ya ce a hankali, "ba a ba shi 'ya. Ko akuya ba a ba shi kiwo." Ya tura ƙullin da bayan hannu. "Gobe da safe a mayar musu da kayansu."

Ya juyo gare ta. Ya kalli wuyanta da ya zama siriri, ya kalli idanunta. Wani abu ya motsa a fuskarsa.

"Duk wannan ramar... saboda wancan yaron ne?"

Ta gyaɗa kai.

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, irin ta mutumin da ya sauke kayan da ya daɗe yana ɗauke da su.

"Na tsananta, Saudatu. Ina gudun kar a wulaƙanta min ke ne. Amma tunda har haka kike son sa, ni ba zan kashe 'yata da hannuna ba." Ya gyara zama. "Ki gaya wa Mansir ɗin ya turo magabatansa. Na ba shi."

Inna ta saki ludayi, ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Malam, Allah ya saka da alheri! Ke, ba za ki yi godiya ba?"

Sauda ta ɗago. Ta kalli mahaifinta, ta kalli mahaifiyarta da ke murmushi har kunne. Shekara da shekaru take jiran wannan kalma.

"Na gode, Baba," ta ce, muryarta can ƙasa. "An ɗaura masa aure ranar Juma'a."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

 Miyar Inna ta tafaso ta zubo a kan wuta, ba wanda ya tashi ya sauke ta.